Harry Potter na biyar: baƙin ciki ne ko ƙunci?

A fadojin matasan Damagaram masu karatun Faransanci, kafin a sauke shayi na uku sai gardama ta kaure a kan L'Ordre du Phénix, littafi na biyar na Harry Potter. Wasu su ce littafin baƙin ciki ne tsantsa, wasu su ce tsawonsa ne kawai ya gajiyar da su. Waɗanda ba su karanta ba su yi haƙuri, za a tona asiri.

J. K. Rowling ta fitar da shi a 2003, maɗaba'ar Gallimard ta buga fassarar Faransanci ta Jean-François Ménard a shekarar. Babi 38 ne, mafi tsawo cikin bakwai ɗin. Mutuwar da ake ta magana, ta Sirius aminin mahaifin Harry, sai a babi na 35 take zuwa, kuma cikin 'yan layuka ta wuce. Ba ita ke danne ƙirji ba. Zalunci ne: Harry, yaro ɗan shekara 15, ya faɗi gaskiya cewa mugun matsafi Voldemort ya dawo, hukuma da jarida sun ce maƙaryaci ne. Malama Ombrage ta ba shi alƙalamin da ba ya shan tawada, da jininsa yake rubutu, kowane harafi na tsaga bayan hannunsa, ita kuwa tana murmushi. Dumbledore, shugaban makarantarsu, ya ƙi ko haɗa ido da shi, dalili sai a babi na 37. Shi ya sa Harry ke ta hargowa har ya gunduri mai karatu.

Inda hawaye yake na gaske shi ne babi na 23, a asibiti: mahaifiyar Neville ɗan ajin su Harry, wadda azaba ta gusar wa hankali, ta miƙa masa takardar cingam, ya saka aljihu a ɓoye. Dariya ma akwai, musamman ficewar tagwaye Fred da George daga makaranta a babi na 29.

Kada a fara shi ba a gama littafi na huɗu ba, don mutuwar Cedric, ɗalibin da aka kashe a gaban Harry, ita ce tushen fushin. Babi biyu a rana, kwana 19 an gama. Babi na 20, inda malaminsu Hagrid ke ba da labarin ƙatti, yana jan ƙafa. Ƙaramin bugun Folio Junior wajen shafi dubu ne a liƙe da gam, zafin Afrilu na busar da shi, in aka naɗe bango sai tsakiya ta ɓalle. Mai sayen na hannu ya duba babi uku na ƙarshe suna nan kafin ya biya.