Tangaran mai jan fure: na Ingila ko na Indunusiya?

'Yar'uwa, kin ce kin gaji faranti shida da butar shayi daga kabad ɗin Hajiyarku, masu fure ja da rawaya da bakin ruwan zinariya, kina tambaya ko tsoffi ne masu daraja. Yadda kika kwatanta su, wannan zanen Old Country Roses ne na kamfanin Royal Albert, wanda Harold Holdcroft ya tsara, ya shiga kasuwa a 1962. Sai dai iri biyu ne ke yawo a hannun mutane.

Kifa farantin ki duba gindinsa. Na da can a Stoke-on-Trent aka yi su, garin maginan tangaran na Ingila, kuma za ki ga an rubuta England a tambarin. A 2002 aka mayar da aikin Indunusiya, to na bayan nan galibi babu wannan kalmar a jikinsu. Ido biyu a nan: idan kin ga 1962 a tambari, shekarar zanen ce, ba ranar da aka gasa farantinki ba. Da yawa sun sayi sabo da kuɗin tsoho saboda wannan lambar.

Duka biyun na gaske ne, da laka mai haɗe da tokar ƙashi ake yin su. Ɗaga farantin saitin fitila, za ki hango inuwar yatsunki ta baya. Ƙwanƙwasa bakinsa da farce, lafiyayye zai yi ƙara siririya mai ɗan jan lokaci, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ya ce "kwaf" ya yi shiru. Wanda ya yi nauyi kamar marfin tukunya, haske bai ratsa shi ba, kwaikwayo ne. Idan kuma an ja karce a kan tambarin, kamfani ne da kansa ya ware shi don yana da ɗan aibi, kuɗinsa ƙasa yake.

Batun kuɗi, masu tarawa sun fi biyan na Ingila, wannan ba gardama. Amma kada ki sa rai da yawa a kan farantan, miliyoyi aka yi, ko'ina akwai su. Butar ce abin dubawa, musamman in murfinta na asali ne kuma hancinta bai gutsire ba, don nan suka fi jin jiki. Ni da za a ba ni zaɓi, lafiyayyar butar Indunusiya zan ɗauka a kan ta Ingila da aka liƙe da gam.

Kafin ki kai wa dillaliya, ki wanke su da hannu, da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi. Soson ƙarfe cinye zinariyar yake yi, kuma in ta goge ba ta dawowa. Ki turo mana hoton gindin butar da cikin murfin.