Sharhi Kan Ma'aunin Biranen Masu Keke a Amurka

Ƙungiyar League of American Bicyclists tana auna biranen Amurka kan yadda suka dace da masu hawan keke, ta ba su matsayin tagulla, azurfa, zinariya ko filatinam, kuma Davis ta jihar Kalifoniya ce ta fara samun filatinam a 2005. Ma'aunin yana da amfani wajen gane inda aka shimfiɗa hanyoyin keke, amma yana da giɓi babba, domin birni ne da kansa ke cike takardar neman matsayin. A 2020 ƙungiyar ta cire aikin 'yan sanda daga ginshiƙan ma'aunin. A ganina, wajibi ne a riƙa bincika ko ɗan sanda yana sauraron mai keken da mota ta buge, har ya bi shi asibiti, ko kuwa maganar direba kaɗai yake rubutawa.