Katako ko faiba? Ƙanena, ka sayi na katako

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, cewa ɗan kuɗin da ka tara zai iya sayo maka ɗaya cikin biyu, sabon kwale-kwalen katako ko tsohon jirgin faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilas da wata irin roba mai tauri, da wani ya turo maka hotonsa daga Kudu. Ka sayi na katako. Duka biyun sun ratsa ta hannuna. Ɗaya yana ɗaure a bakin madatsar Goronyo yanzu haka, ɗayan kuma yana bayan gida, awaki ne ke kwana a cikinsa.

Na katakon nawa a Yawuri aka ƙera shi, wurin wani dattijo Basarke da ya gaji sana'ar. Da maɗaci ya yi gindin da haƙarƙarin. Da na ce ya rage mini kuɗi ya sa katako mai araha, sai ya ce idan akwatin lefe nake so in tafi wani wuri. Bana shekararsa bakwai a ruwa. A shekara ta uku, wajen watan Afrilu da ruwa ya ja baya, na hau kan wani kututture da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, allo ɗaya ya tsage kamar tsawon kamu guda. Ni da ɗan wana ne a ciki. Na yagi gefen rawanina na cusa a tsagar da bakin wuƙa, shi kuma yana ta kwarfe ruwa da roba har muka kai gaɓa. Washegari da safe wani kafinta na ƙauyen ya zo da auduga da gwangwanin kwalta da guntun langa-langa da ƙusoshi. Ya ɗura audugar, ya narka kwalta ya shafe, ya buga facin. Kafin kiran sallar azahar jirgi ya koma ruwa, abin da na ba shi kuwa bai kai kuɗin man da nake ƙonawa a fita ɗaya ba. Facin yana nan har yau.

Dalilina ke nan na farko, kuma shi ne babba. Duk inda katako ya same ka da matsala tsakanin Wamakko da Goronyo, akwai mai gyara shi a tafiyar ƙafa, kayan gyaran kuma suna kasuwar ƙauye.

Sai dai yana son a kula da shi kamar dabba. Babban makiyinsa a ƙasarmu shi ne hunturu. Idan ka jawo shi tudu ka bar shi sati biyu cikin busasshiyar iskar Disamba, allunan za su tsuke, haɗin ya buɗe har ka hango ƙasa ta tsakaninsu. To ka bar shi cikin ruwa. In kuwa dole ta sa ya bushe, kada ka yi gaggawar cusa masa auduga da yawa, ka nutsar da shi a bakin gaɓa kwana biyu ko uku, katakon zai sha ruwa ya kumbura ya rufe mafi yawan tsagar da kansa. Wanda ya cika cusawa tun yana busasshe, idan ya kumbura sai ya ture ƙusa. Da damina kuma kada ka bar ruwan sama ya kwana a ciki, nan ruɓewa ke farawa, musamman a lungun haƙarƙari inda laka ke taruwa. Sau ɗaya a shekara nakan kife shi a kan duwatsu, ba a ƙasa ba saboda gara, in kankare, in bi kowane allo da tsinin wuƙa. Inda wuƙa ta shige da sauƙi a canza allon, kada a shafe shi da kwalta a ce an gyara. Ƙusa kuma ka biya ta mai rufin da ba ya tsatsa, domin baƙar ƙusa tana cinye katakon da ke kewaye da ita.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Yana da nauyi, ya fi shan mai, kuma kullum sai ka tarar da ɗan ruwa a ciki da safe.

Faiba kam ba shi da nauyi, yana gudu da ƙaramin inji, gara ba ta san shi ba. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Sabo fil daga hannun masu ƙerawa abu ne mai kyau, amma kuɗinka ba su kai nan ba. Nawa tsoho na saya, yana ta ƙyalli da sabon fenti. Wata huɗu allon baya, inda ake ɗaura inji, ya fara lanƙwasa idan na ba da wuta. Ashe katakon filawud ne a ciki aka lulluɓe da faiba, ruwa ya daɗe da shiga ta ramukan kusoshi ya mai da shi kamar jiƙaƙƙen burodi. Gyaransa sai da rezin, wato ruwan robar da ake yin faiba da shi, da maganin daskarar da shi da tabarmar zaren gilas, duk sai na aika an sayo. Ga zafin Sakkwato da ke haura 40 a watan Afrilu, kana cikin damawa ya daskare maka a gwangwani. Wani mai gyaran bodin mota ya ce zai iya, ya cika wurin da abin da suke cike motoci da shi, wanda yake shan ruwa a hankali. Damina ɗaya ya ɓamɓare.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa. Kada ka yi cinikin biri a sama. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin kafin alƙalami domin wai wani Alhaji na shirin ɗauka, ka bar wa Alhajin. Tsohon faiba da aka yi wa sabon fenti kwana biyu kafin sayarwa, akwai abin da ake rufewa. In har ka je gani, ka riƙe ƙotar guduma ka bi jikinsa da ƙwanƙwasa. Lafiyayyen wuri yana ƙara a tsaye, inda ya saki kuwa sai ka ji kamar ka bugi katifa. Ka kama ƙafar injin ka jijjiga, idan allon baya ya motsa tare da ita ka yi sallama. Ƙurajen da ke tasowa a gindinsa, in ka huda ɗaya ka ji tsami kamar ruwan kal, ruwa ya shiga jikin faiban. Masu katako su ma ba waliyyai ba ne, akwai mai sa maka ɗanyen katako ko farin katako ya shafe da kwalta ya ce maɗaci ne. Ka je ka ga allunan da idonka tun ba a shafa komai ba.

A wurin inji aka fi cin mutane. Murfi ya ce Yamaha, ciki kuwa tsince-tsince ne daga injuna uku. Ka taɓa shi kafin a tayar, in ka ji da ɗumi to an riga an tayar da shi kafin ka iso domin kada ka ga wahalar tashinsa. Ka duba ɗan ruwan da yake fitsararwa ta baya, idan ba ya fita da ƙarfi robar famfon ta mutu, kuma yashin Rima yana saurin cin ta. A kwance maka kusar man giya na ƙasa, in ya fito fari kamar nono ruwa na shiga. Kuma a gwada shi a jikin jirgi da mutane a ciki, gwajin cikin durom ba ya nuna komai. Ni inji mai ƙarfin doki 15 nake da shi, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Haɗin 50 da 1 nake yi, wato lita 20 ta fetur da mililita 400 na man da aka yi don injin jirgi, ba na babur ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ƙara wa kwale-kwalen abin da ya sa ake yi mini dariya a bakin ruwa. Na ɗinka buhuna huɗu na yi zanen kama iska na ɗaura a jikin gora, irin yadda masu jirage ke yi a kogin Kwara wajen Mopti ta ƙasar Mali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take zuwa kusan kullum, to sai in tafi da inji ina fuskantarta, in dawo tana tura ni a kyauta. Ka sani dai kwale-kwalenmu gindinsa shafaffe ne. Jiragen ruwa masu tafiya da iska na masu hali da ake gani a Legas suna da wani dogon ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi, shi ke hana su kifewa, shi ke ba su damar ratsa iska. Namu sai dai ya bi inda ta nufa. Zanen ya zama ƙarami, igiyarsa a hannunka, kada ka taɓa ɗaure ta. Da damina kuwa ba na ɗaga shi sam, domin hadarin gabas ba ya sallama, kuma Goronyo da aka gina don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942 tana da faɗin da igiyar ruwa ke tashi sosai.

Canjin da zai rage maka ka fara da rigunan ruwa, kowa da tasa, kafin fenti da kujeru. Mutum 29 muka rasa a hatsarin kwale-kwale a Gidan Magana ta Shagari a watan Afrilun 2022, yawancinsu yara. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, halin tsaron yankin ma ya isa ya dawo da kai kafin magariba. Ka sa filafili biyu na tuƙi da gora da robar kwarfe ruwa a ciki ko da injin sabo ne.

In kuma har yanzu ranka yana kan faiba, nawa yana nan. Ka zo da mota ka ɗauka kyauta, sai dai ka nema wa awakin wurin kwana.