Gargaɗi ga direbobi kan bututun "iska mai sanyi"

'Yan uwa direbobi masu bin hanyoyin ƙauyukan Gaya, Ringim da Gumel, a yi hattara. Akwai masu yawo tasha-tasha ranar kasuwa da wani bututu mai ƙyalli, bakinsa da filta mai kama da mazurari, ja ko shuɗiya. Wai da an ɗaura shi mota za ta ƙara ƙarfi, ta rage shan mai.

Gaskiya ne inji ya fi jin daɗin iska mai sanyi. Amma inda suke ɗaura filtar, cikin bonet ne kusa da inji, bayan lagireto, wurin da iska ta fi ko'ina zafi. Akwatin filtar iska na asali da suka cire kuwa, daga gaban mota yake shaƙo iska. Zancen rage mai ma ƙarya ce: kwamfutar mota na haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na fetur, in iska ta ƙaru sai ta ƙara mai.

Babbar ɓarnar ƙura ce. Waɗannan filtoci na soso ko yadi ramukansu manya ne, ba sa tare ƙurar hanyar burji yadda ya kamata, balle ta hunturu. Ƙurar nan tana shiga silinda, ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa cin ringin fistin kamar sanfefa. Sai mota ta fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi na yin baƙi. Daga nan sai sauke inji. Filtocin da ake shafa wa mai kuma, man yana bin iska ya ɓata sensar da ke auna ta, mota ta kama shaƙewa tana mutuwa a silo. In an zuro bututun ƙasa, da damina zai iya zuƙar ruwan kududdufi, ruwa kuwa ba ya matsuwa a silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Kuma suna tafiya da akwatin asali, wai ba shi da amfani. Sayar da shi suke yi. Kada ka bari.

In an riga an ɗaura maka, kwance bututun ka shafa cikinsa da farin ƙyalle. Ka ga ƙura, to ta kai inji. Mayar da akwatin asali da sabuwar filtar takarda, ka ɗaure kilif ɗinsa duka, ka juye baƙin mai da filtarsa a ranar. Wanda akwatinsa ya tafi, ya nemi wani a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ya je da lambar injinsa.