Lasisin Gida, Na Waje Ko Aikin Tudu: Ina Injiniyan Jirgin Ruwa Zai Zuba Kuɗinsa?

Injiniyan da ya daɗe a ɗakin injin jirgin ruwa, iyalinsa na Kubwa ko Lugbe a Abuja, shi kuwa sai kwantiragi ya ƙare ake ganinsa, hanya uku ce a gabansa. Kowacce tana cin kuɗi, tana cin watanni ba albashi.

Kafin ka biya ko sisi, buɗe littafin aikinka na teku ka yi lissafi. Ma'aunin da duniya ke bi shi ne yarjejeniyar STCW ta 1978 kan horarwa da lasisin ma'aikatan jirgin ruwa, wadda aka gyara a Manila a 2010. Lasisin injiniya na biyu a jirgi mai ƙarfin kilowat 3,000 ko fiye, wato sashe na III/2, sai ka yi aƙalla wata 12 a teku da lasisin jami'in inji a hannunka. Na cif, wato babban injiniya, wata 36 ne, amma yakan sauko zuwa 24 in 12 daga ciki a kujerar injiniya na biyu ka yi su. Sannan ka duba ƙarfin injin da aka rubuta a shaidar aikin kowane jirgi, don a nan ake tuntuɓe. Wanda ya kwashe shekarunsa a ƙananan jiragen Onne ko Warri yana iya tarar da cewa III/3 kawai watanninsa za su saya masa, wato kilowat 750 zuwa 3,000.

Lasisin NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ya fi sauƙi: da naira za ka biya, ba biza, kuma dokar sufurin gaɓa ta 2003 ta ba 'yan ƙasa fifiko a jiragen da ke aiki cikin ruwan Najeriya. In nan ka ƙuduri zama har ritaya, ya wadatar. Sai dai ka karanta abin da za a buga a kansa. In an ce na zirga-zirgar kusa da gaɓa ne, to ya ɗaure ka. Jirgi mai tutar wata ƙasa kuma ba zai ɗauke ka ba sai ƙasar ta amince da lasisinka ta buga masa nata hatimin. Don haka tambayi kamfanin da kake hari wace tuta jiragensa ke ɗauke da ita, Laberiya ce ko Panama, ka tabbatar suna karɓar takardar.

Na MCA, hukumar harkokin teku ta Birtaniya, ya fi buɗe ƙofofi, ya kuma fi zafi a aljihu. Akwai kwalejoji a South Shields da Glasgow, akwai jarrabawar rubutu, sannan ta baka, inda mai jarrabawa zai ce maka wuta ta ɗauke a jirgi cikin dare, me za ka fara yi? Kuɗin makaranta da haya da abinci duk da fam ne. Kada ka biya kwaleji sai MCA ta tantance watanninka ta aiko maka da takardar cancanta. Wanda bai shirya tsallaka Bahar Rum ba yana iya duba Jami'ar Harkokin Teku ta Accra, da wannan tambaya ta tuta a bakinsa.

Gajerun kwasa-kwasai, irin na tankar iskar gas ko na lantarki sama da volt 1,000, ƙari ne mai amfani ga mai hangen jiragen dakon iskar gas na Bonny, amma ba sa ɗaga matsayi.

Sai sauka tudu, wadda uwargida ta fi so a ji. Akwai kula da gyaran jiragen kamfani daga ofis, akwai aikin sufeton jiragen ruwa a kamfanonin da ke tantance ingancinsu, irin su Lloyd's Register ko DNV ko Bureau Veritas, amma yawancinsu Legas da Fatakwal suke. Abin da Abuja ke da shi aikin takarda ne, kamar ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023, sai kula da manyan janaretoci, inda rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ke taimakawa. Digiri na biyu daga Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da ke Malmo a Suwidin yana da daraja a ofis, ba ya maye gurbin lasisi.

Ni dai ba zan ba kowa shawarar sauka ba sai III/2 ya shiga hannunsa, ko da na injiniya na biyu ne, domin masu ɗaukar sufeto shi suke fara tambaya. Kuma lasisi duk shekara biyar ake sabunta shi, galibi da shaidar wata 12 a teku cikin shekarun. Aikin sufeto ana iya karɓarsa a madadin haka, amma kula da janaretan otal a Maitama da wuya.