Wane ƙamus za ka saya idan aikinka faɗaɗa ma'anar kalma ne?

Ɗalibin da aka ce ya cika shafi biyu a kan ma'anar "kawaici", da mai fassara a gidan rediyo, da malamin sakandare mai shirya darasi, dukkansu abu ɗaya suke nema a ƙamus, kuma yawancinsu sukan sayi wanda bai dace da aikin ba. Ma'anar layi ɗaya kowane ƙamus zai ba ka. Faɗaɗɗen bayani kuwa yana da sassa da yawa: ajin kalmar (suna ce, aikatau, sifa ko amsa-kama, wato kalma irin "fat" a cikin "fari fat"), jinsinta da jam'inta, yadda ake furta ta, tushenta idan ta aro ce, ma'anarta ta farko da waɗanda suka tsiro daga baya, iyakar da ke tsakaninta da 'yan uwanta, sannan misalai daga bakin mutane. Babu ƙamusun Hausa guda da ya haɗa duk waɗannan daidai wa daida. Saboda haka kafin ka ciro kuɗi, ka san wane sashe ne ya fi ba ka wahala.

Ga misalin abin da ake nufi da iyaka, don shi ne ma'aunin da za mu auna littattafan da shi. A ɗauki "rance". Ɗan gajeren ƙamus zai ce karɓar abu da niyyar mayarwa. Wannan bai raba shi da "aro" ba. A aro, ainihin abin da ka karɓa shi za ka mayar: keke, tsani, tabarma. A rance, abin yakan ƙare a hannunka, sai ka biya da kwatankwacinsa: kuɗi, mudun gero, kwalbar mai. "Bashi" kuma shi ne nauyin da ke wuyanka har ka biya, ko ta rance ya zo ko ta sayen kaya ba a biya ba. Daga nan sai aikatau: ka ranci kuɗi, an ranta maka, ka ari keke, an ara maka. Sai karin magana ta ƙara haske, kamar "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Littafin da zai kai ka ga irin wannan rarrabewa shi ya cancanci kuɗinka.

Na farkon saye, ga mai rubutu da Hausa, shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006. Hausa ne zuwa Hausa, kuma a nan darajarsa take. Idan ka duba kalma a ƙamus mai harshe biyu, abin da za ka samu shi ne takwararta a Turanci, sai ka sake juyo ta zuwa Hausa da kanka, kuma a wannan juyin ne ma'ana kan zube. Turanci yana da kalma guda da ke rufe aro da rance, don haka wanda ya bi ta can zai dawo da su a haɗe. Ƙamusun Bayero yana nuna maka yadda ake gina jimlar bayani da Hausa tsantsa, ka ga inda ake fara ambaton jinsin abu sannan a kawo abin da ya bambanta shi. Rauninsa ga irin aikinmu shi ne taƙaitawa. Bayanansa gajeru ne, ba zai cika maka shafi ba, kuma a kalmomin ɗabi'a da al'ada za ka so ƙarin misalai fiye da waɗanda ya kawo. Duk da haka, wanda kuɗinsa na littafi ɗaya ne, wannan zai ɗauka.

Zurfi yana wurin tsofaffin ƙamusai biyu, na Bargery da na Abraham, kuma a kansu ya kamata a daɗe ana tunani, domin sun fi tsada sun kuma fi wuyar samu.

Ƙamusun G. P. Bargery ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford. Ya haura shafi dubu, kalmominsa sun kusa dubu arba'in, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993 tare da ƙarin kalmomin da Neil Skinner ya tattara. Abin da babu wanda ya kamo shi a kai shi ne yawan kalmomi da nuna inda ake faɗinsu: wannan ta Katsina ce, wannan ta Sakkwato, wannan ta Haɗeja. Yakan kuma jera kalmomi masu kusancin ma'ana a ƙarƙashin kalma guda, jeri mai tsawo, wanda shi ne ainihin abin da mai neman iyakar kalma yake bukata. Sunayen tsirrai, cututtukan dabbobi, kayan doki, sassan masaƙa, sarautu, duk suna nan. Mai rubutu a kan sana'o'in gargajiya ko tsohuwar waƙa, idan ba shi da Bargery, zai yi ta cin karo da kalmomin da ba ya samu a ko'ina. Amma a riƙe shekararsa a zuciya. An rubuta shi kafin naira, kafin ƙaramar hukuma, kafin kwamfuta da wayar salula, kuma wasu kalmomin sun sauya ma'ana tun daga lokacin. Ƙa'idar rubutunsa ma ba ita ce ta yau ba, don haka kada a kwafi harrufansa kai tsaye cikin aikin makaranta. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi da shi shi ne ɗauko ma'anar 1934 su gabatar da ita a matsayin ta yanzu, ba tare da sun ce tsohuwa ce ba.

Na R. C. Abraham, wanda bugunsa na farko ya fito da sunan Malam Mai Kano a matsayin abokin aiki, an sake buga shi a Landan a 1962. Ƙarfinsa a jimloli yake. Inda Bargery zai ba ka kalmomi goma masu kama da juna, Abraham zai ba ka kalma ɗaya cikin jimloli goma, da karin magana, da kirari, da yadda ma'ana ke karkata idan abin da ke biye ya canza. Ga mai faɗaɗa aikatau, wannan ya fi amfani. Wahalarsa tsari ne: bayanan a cushe suke, da lambobi da haruffa da turawa daga wannan kalma zuwa waccan, kuma sai ka zauna ka karanta gabatarwarsa kafin alamominsa su buɗe maka. Idan dole sai ɗaya daga cikin biyun, mai aiki a kan sunayen abubuwa da karin harshe ya ɗauki Bargery, mai aiki a kan aikatau da salon magana ya ɗauki Abraham. Dukkansu bayaninsu da Turanci ne, wanda bai iya karanta shi sosai ba zai sha wuya.

Ga Hausar zamani da ingancin furuci, aikin Paul Newman da Roxana Ma Newman ne a gaba. Akwai ƙaramin da suka shirya a Kano ya fito a 1977, akwai na Turanci zuwa Hausa na Roxana a 1990, akwai na Hausa zuwa Turanci na Paul a 2007, duka biyun na ƙarshe daga Jami'ar Yale, sannan wanda ya haɗa ɓangarorin biyu, bugun Jami'ar Bayero na 2020. Ga mai saye a Najeriya, na 2020 ya fi dacewa, tunda littafi ɗaya ne mai fuska biyu. Suna sa alamar karin sauti da tsawon wasali a kan kowace kalma, abin da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. Wannan ba ado ba ne. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya karin sauti ne ya raba su, jinsinsu ma ya bambanta, shi ya sa ake cewa kukan yaro amma kukar ƙofar gida. Bayanin da ya haɗa irin waɗannan a matsayin ma'anoni biyu na kalma ɗaya ya rushe tun daga tushe. Na 2007 yana kuma nuna rukunin kowane aikatau bisa tsarin rukunai bakwai na aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, wanda ke bayyana dangantakar saya, saye, sayar, sayo da sayu. Ba su kai tsofaffin yawan kalmomi ba, kuma daidaitacciyar Hausa suka fi bi, don haka kalmar ƙauyenku tana iya zama babu.

Sauran na buƙata ta musamman ne. Ɗalibin sashen Hausa mai bayyana kalmomin nahawu da adabi yana buƙatar ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, na 1990, domin da waɗannan kalmomin malamai ke duba takarda. Jeri ne na takwarori, ba ya yin dogon bayani. Mai rubutu don masu karatu a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya nemi ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, saboda kalmomin aro na can daga Faransanci suka shigo, irin su "lakwal" a maimakon makaranta, kuma a can ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Ƙananan ƙamusan aljihu da manhajojin waya masu jera kalma da takwararta ba su da amfani a wannan aiki. Yawancinsu ba su faɗin jinsi, ba su faɗin jam'i, ba su nuna daga ina suka samo ma'anar, wasu ma fassarar inji ce aka zuba. Wanda za a duba aikinsa ba zai iya kafa hujja da su ba.

Idan ka shiga kantin littattafai, tafi da kalmomi huɗu a takarda, ka nemi izinin dubawa. Fara da "ci". Ƙamus mai kyau zai wuce cin abinci ya kai ga cin amana, cin kasuwa, cin jarrabawa, cin bashi, cin sarauta, cin mutunci. Ƙirga nawa ya kawo. Sai "kara", ka ga ko ya raba karan dawa da karar da ake yi wa baƙo ko suruki. Sai kalma ɗaya ta sana'ar da ka sani ciki da waje, domin a nan ne kaɗai za ka iya kama kuskuren marubucin. Ta huɗu ta zamani, don ka gane inda littafin ya tsaya. Idan ba ka ga kalma ba, kada ka yi saurin cewa babu ita: wasu ƙamusan suna cakuɗa b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ a jeri ɗaya, wasu suna ware su, kuma gabatarwa ce ke faɗin tsarin da aka bi.

Daga nan sai jikin littafin. Manyan ƙamusan da suka yi wuyar samu sukan zo a kwafin hoto da aka ɗaure, kuma abin da kwafi ke fara cinyewa shi ne ƙananan alamomi. Buɗe tsakiya ka duba ko lanƙwasar ƙ da ɗ ta fito sarai, ko layin da ke kan dogon wasali bai narke cikin baƙin tawada ba. Idan alamomin sun dushe, ka sayi nauyin takarda ne kawai. Bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, domin ana ɗaure littafi ne damƙa-damƙa, galibi shafi 16 ko 32, kuma idan damƙa ɗaya ta faɗi ko aka maimaita ta, kalmomin harafi guda na iya ɓacewa ba ka sani ba sai ranar buƙata. Duba ƙashin bayansa: littafi mai shafi dubu da aka manne da gam kawai zai tsage a tsakiya cikin 'yan watanni, balle da zafinmu da ke busar da gam, mai ɗinkin zare shi ke jure buɗewa kullum. Farashi yana bambanta sosai tsakanin sabon bugu, na hannu da kwafi, don haka tambayi shaguna biyu ko uku, har da na cikin jami'o'i a Kano da Samarun Zariya, kafin ka yanke.

Game da kwafin da ake turawa ta waya, gwada neman kalma mai ƙ a cikinsa. Idan hoton shafuka ne kawai, binciken ba zai kawo komai ba, sai ka yi ta jan shafi da yatsa. Idan kuma inji ne ya karanta shi, sau da yawa yakan mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ya watsar da alamun sauti. Bargery yana da sigar intanet da ake bincika kalma a ciki kyauta, saboda haka wanda kuɗinsa bai kai na littattafai uku ba yana iya sayen na Bayero da na Newman a takarda, ya riƙa duba Bargery a waya, ya ajiye sauran kuɗin har ranar da ya ci karo da Abraham mai ɗinkin zare da cikakkun shafuka.