Obin ɗin da ya cinye min adashi, da abin da ya yi wa kuɓewar Inna

Tun daminar bara nake son rubuta wannan sharhin, amma a lokacin raina a ɓace yake, da na rubuta da masifa kawai za ku karanta. Yanzu obin ɗin ya shekara a ɗakina har da ɗoriya, zuciya ta ɗan huce, ko da yake ba duka ba.

Irin na lantarkin nan ne da ake ɗorawa a kan tebur, mai ƙofar gilas da makunni uku a gefe. Kun san shi, kun kuma san kuɗinsa, ba sai na faɗa ba. Ni dai kwasar adashina ce ta tafi a kansa gaba ɗaya, kuɗin motar dawowa ma Malam ne ya cika. Kuma ba don kek na saye shi ba. A ƙauyenmu nan gefen Kura wa zai riƙa sayen kek kullum? Sana'ata garin kuɓewa ce da yaji da garin zogale, ina ƙullawa a leda ina aika wa mata a cikin Kano. Duk mai wannan sana'ar ta san ciwon watan Agusta: shi ne lokacin da kuɓewa take banza, shi ne kuma lokacin marka. Ki yanka ki shanya, hadari ya haɗo, a kwashe a guje, gobe ma haka. Kafin kwana uku ta yi baƙi, ta fara funfuna, sai dai a zuba wa awaki.

Da na shiga shagon a Sabon Gari, tambaya ɗaya na yi wa yaron shagon, na ce zai iya busar da abu a hankali ba tare da ya gasa shi ba? Ya murɗa makunnin ya nuna min lambobi daga 50 har 250, ya ce, "Hajiya, ga shi nan a rubuce. In kika ajiye shi a hamsin, ko ƙwai kika sa sai dai ya ƙyanƙyashe." Muka yi dariya, na ƙirga kuɗi.

Kuɓewar da na fara gwadawa da ita ba ta kasuwa ba ce, kuma nan ne abin ya fi yi min ciwo. Ta Inna ce, mahaifiyar Malam, daga 'yar gayaunarta ta bayan gida. Irin ƙananan nan ce masu yauƙi kamar me, ita take ajiye irinta da kanta shekara da shekaru, ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Da ƙyar ta ba ni bokiti guda, tana cewa, "Ke 'yar nan, rana Allah Ya yi don shanya, ban san akwati yana shanya ba." Na ce, "Inna, ki dai zuba ido, gobe war haka kin ga kuɓewa koriya shar, babu ƙasa babu kashin kaji."

Ni da yarana mata biyu muka zauna bayan la'asar muka yanka ta sala-sala. Wuta a wajenmu sai dare take zuwa, in ta ga dama. Ranar wutar ta zo wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na tashi da rawar jiki, na cika tire biyu maƙil, na danna sauran a kan ragar tsakiya, na rufe ƙofa ruf, na ajiye makunnin a kan hamsin, na murɗa agogonsa zuwa inda ba ya kashe kansa. Na yi addu'ata na kwanta.

Ƙauri ne ya tashe ni wajen ƙarfe biyu da rabi. Da farko na ɗauka wata maƙwabciya ce take suyar gyaɗa a tsakiyar dare. Ina haska tocila na ga gilas ɗin ya yi gumi, ruwa yana gangarowa ta ƙasan ƙofa har kan tebur. Na buɗe, tururi ya dake ni a fuska. Tiren sama ya ƙone, gefe-gefe baƙi ƙirin, tsakiya ruwan ƙasa kamar soyayyar albasa. Tiren ƙasa kuwa dahuwa ya yi, ya manne wuri guda, ya zama wani ƙulli mai danƙo da ko cokali ba ya shiga. Bokiti guda, babu wadda ta bushe yadda ake so ko tafin hannu. Na zauna a ƙasa na rasa kuka zan yi ko dariya. Malam ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, ya koma ya kwanta. Shi ma ya san ba lokacin magana ba ne.

Da safe ƙarfin hali ya sa na tsince wadda ba ta yi baƙi sosai ba, na daka, na kaɗa miya da ita don kada a ce asarar ta zama duka. Na sa kanwa, na burga, na sake burgawa. Yauƙi ko na rantsuwa babu. Wuta ta kashe shi. Inna ta gutsuri tuwo ta dangwala, miyar ta zube daga lomar tun kafin ta kai baki. Ta dube ni ta ce, "Wannan miyar kuɓewa ce ko shayi?" Matan gidan har yau in sun ga na nufi obin ɗin sai wata ta ce za a dafa shayi ke nan.

Na kira shagon. Wanda ya ɗauka ya ce wutar garinmu ce ba ta da kyau, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa. Maganar ƙwai da ƙyanƙyasa babu wanda ya tuna ya faɗe ta.

Ƙanina ne ya warware min abin bayan sati biyu. Gyaran wuta yake yi a Kano, ya zo da wani ɗan ma'aunin zafi mai kama da agogo da ake ratayawa a cikin obin. Muka jira wuta, muka kunna shi babu komai a ciki, makunni a kan hamsin. Allurar ta wuce 50 ko waiwaye ba ta yi ba, ta wuce 80, sai da ta haura 110 sannan muka ji ƙas, ƙarafan da suke ba da zafi a ciki suka daina ja. Ta sauko a hankali zuwa wajen 45, muka sake jin ƙas, ta koma sama. Ya ce, "Yaya, wannan ba shi da ƙaramar wuta irin ta murhu da za ki janye itace. Ƙarfen nan ko dai ya kama da duk ƙarfinsa, wat 1,500, ko ya mutu gaba ɗaya. Akwai ɗan abin da yake kashewa yana kunnawa, to naki sai zafi ya yi nisa yake farga." Ga akwatin ƙarami, tiren sama bai fi faɗin tafin hannu tsakaninsa da ƙarfen ba. Kayan lambu kuwa zafin da suke so su bushe da kyau tsakanin digiri 55 ne zuwa 60.

Wani laifin kuma nawa ne, ba zan ɓoye ba. Ɗanyar kuɓewa kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ce. Na cusa bokiti guda na rufe ƙofa, ina ruwan zai bi? Shanya ai iska ce take yin rabin aikin, shi kuwa wannan ko fanka ba shi da ita. Amma da yaron shagon ya faɗa min haka, ko da a takardar da ke cikin kwalin an rubuta, da ban yi kunya a gaban surukata ba. Takardar hoton kaza ne kawai da biredi.

Dabarar da muka tsaya a kai ita ce: a kunna ƙarfen ƙasa kaɗai, a ajiye fasasshen kasko mai kauri a kan ragar ƙasa don ya shanye zafin ya riƙa sakinsa a hankali, a soka muciya a bakin ƙofa ta zauna a buɗe kamar yatsa biyu, a baza kuɓewar shimfiɗa ɗaya ba tari ba, a riƙa sauya wa tirorin wuri. Da haka allurar takan yi yawo tsakanin 50 da 70. Kuɓewa tana fitowa koriya, tana karyewa ƙas, yauƙinta yana nan. Sai dai tana cin awa shida zuwa takwas, kuma wa ya taɓa ganin wutar awa takwas a jere a ƙauye? Ƙaramin janaretan gidan ba ya iya ɗaukarsa, ko da yana iya ma, tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu mai hankalin da zai ƙona fetur a kan tire biyu na kuɓewa. Yanzu abin da nake yi, in ta sha rana wuni guda ta yi yaushi, sai in ƙarasa ta a ciki cikin awa biyu in wuta ta zo. Wannan kam ya cece ni daga funfuna sau da dama. Zogale ma yana yi, minti arba'in zuwa awa guda ya bushe, korensa bai dushe ba.

Inda ya ba ni mamaki har na kusa yafe masa shi ne da hunturu. Duk mai yin kindirmo ta san in sanyi ya kankama a Disamba da Janairu, dare yana sauka ƙasa da digiri 15, madara ba ta kamawa. Ki zuba iri da magariba, ki tashi da asuba ki tarar da ita tsararo yadda kika bar ta. Su ƙwayoyin da suke mayar da madara nono ɗumi suke so na wajen digiri 43, su samu awa shida zuwa takwas a haka. Wani dare na tafasa madarar da na karɓa a ruga, na bar ta ta huce har ina iya tsoma ɗan yatsa in ƙirga goma, na zuba iri cokali biyu. Na kunna obin ɗin minti uku kacal na kashe, na naɗe kwanon da tawul na sa a ciki tare da butar ruwan zafi, na rufe ƙofa. Ko an ɗauke wuta babu ruwana. Da asuba na buɗe, nono ya kama jikinsa, cokali yana yankarsa kamar awara, ba tsami ba tsinkewa. Na dama wa Inna fura da shi. Ta sha ta suɗe ludayi ta ce, "To, akwatin ya samu sana'a." Ranar har goge shi na yi da sabon tsumma. Kwaɓin alkubus da na fanke ma haka nake musu, su tashi cikin awa guda duk sanyi. Sau ɗaya na manta na bar shi a kunne, zafi ya kashe yis ɗin, kwaɓin ya kwanta kamar an yi masa rasuwa.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata maƙwabciyata da na ba wa labari ta ce ita ai a cikin kula take yin nata, ta sa gorar ruwan zafi ta rufe. Na gwada, ya yi daidai da nawa sak. Wato na kwashe adashin wata goma na sayi abin da tsohuwar kular abinci take yi kyauta. Daren nan haushin Agusta ya dawo min sabo fil.

Da tumatir ya faɗi a Fabrairu, lokacin da kwanduna suke jibge a Kwanar Gafan ana neman mai ɗauka, na ce bari in gwada kauɗa. Gaskiya ta fi ta shanyar bakin titi kyau nesa ba kusa ba, jawur da ita, babu yashi babu ƙura. Amma tumatir ya fi kuɓewa ruwa, sai da na yi dare biyu ina fama, abin da ya fito daga tire biyu bai cika gwangwanin madara uku ba. Ga shi lokacin rana tana nan kyauta, iska a bushe. Ruwan tumatirin kuma ya ci fentin tire ɗaya, yanzu tsatsa yake yi. Kilishi sau ɗaya na gwada, aka ɗauke wuta naman bai ko yi yaushi ba, ya kwana cikin ɗumi, da safe ya canza wari. Ɗanyen nama in ya daɗe a ɗumin da bai kai digiri 60 ba ƙwayoyin cuta ne suke hayayyafa a kansa, don haka ban yi gardama ba na zubar. Kada wadda ta yi wannan gangancin sai tana da tabbacin wuta.

Makunnin agogon ya tsage a wata na bakwai, da filaya nake murɗa shi. Soket biyu ya narkar min kafin ƙanina ya ja masa waya mai kauri tasa shi kaɗai. Ma'aunin zafin kuwa ban mayar masa ba, kuma ba zan mayar ba, don in babu shi lambobin da ke jikin makunnin ado ne kawai.

Shekaranjiya ƙanwar Malam ta zo tana tambaya ko ta sa irinsa a kayan ɗakin 'yarta. Na ce mata in don gashin kaza ne da kek, kuma amaryar cikin gari za ta zauna, ta saya, a wuta mai ƙarfi ban taɓa kama shi da laifi ba. In kuwa don shanya ce, ta nemi mai fanka a ciki, ta sa a kunna mata shi a shagon da ma'auni kafin ta biya, kada ta saurari labarin ƙwai.

Bana kuɓewar Inna ta fi ta bara kyau. Na je na durƙusa na roƙi ko rabin bokiti, na yi mata bayanin kasko da muciya da allura. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kira jikarta ta ce ta ɗauko mata tabarmar shanya. Ni ta kasuwa na saya, tana nan a yanke a faranti tun la'asar, yau kwana biyu ba a kawo wuta ba.